Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darussan Shekarar Korona a Malumfashi

Malumfashi gari ne na kai-komo. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Yashe da Katsina ta cikinsa ta ratsa, wadda ta bi ta Dayi ta faɗa Gwarzo kuwa ita ce ƙofarmu ta shiga Kano. Masara da dawa da waken suya su fita, taki da atamfa da fetur su shigo. Ɗan acaba, ɗan dako, mai faci, mai shayi, mai awo, kowa tuwonsa na dare ya dogara ne da fitowar wani da safe. Shi ya sa dokar da ta zo a 2020 ta ce kowa ya zauna a gida ta zame mana baƙon abu. Ni malamin makaranta ne, ina kuma taɓa noma kamar kowane mutumin Karaduwa, kuma abin da zan faɗa daga zauren gidanmu da layinmu na gan shi. Dukkansa a wuri guda ya tattara: abin da ya riƙe mu a watannin nan tun kafin annoba muka tanade shi, abin da ba mu tanada ba kuwa bai samu ba da buƙatarsa ta taso.

Da aka ce an samu korona a jikin wani Baturen Italiya a Legas ranar 27 ga Fabrairu, dariya aka yi a majalisa. "Ciwon masu hawa jirgi ne," in ji wani. Wani ya ce zafin bazararmu kaɗai ya isa ya kashe ta. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sallar Juma'a, abin da ya jawo tarzoma a Kusada ranar 28 ga wata har aka ƙone ofishin 'yan sanda. A farkon Afrilu wani likita ya rasu a Daura, aka tabbatar korona ce, aka kulle garin. Ranar 17 ga Afrilu ta ɗauke Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Sai ga labarin mace-macen dattawa a Kano, wanda daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne, kuma ana kyautata zaton rabi ko fiye korona ce. Mu kuwa Kano ba nesa ba ce, da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Kwari ko Dawanau. Aka ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu cikin wannan hali. A watan Mayu aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka sa dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe, sannan kulle ya iso Malumfashi kanta.

Rumbu

A ƙasarmu da kaka kowa mai kuɗi ne. Hatsi ya zo gida, dillalai na yawo, ga bashin taki, ga biki, ga sha'awar sabon babur. Mutum zai kwashe abin da ya noma ya kai kasuwa a lokacin da ya fi araha, ya dawo da damina yana awon tiya-tiya a lokacin da ya fi tsada. Da kakar 2019 ƙanena ya so ya yi haka da dawar gandunmu, don ya ga wani babur da ya kwanta masa a rai. Ya je ya durƙusa gaban Inna ya kawo bayani mai tsawo, yadda babur zai riƙa kawo kuɗin cefane kullum. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Auta, ka sayar da auduga, ka sayar da waken suya, wannan naka ne. Amma na ci ba a taɓa shi. Ubanku bai taɓa buɗe rumbu don kasuwa ba sai ya ga sabo ya nuna." Ya fita yana gunaguni.

Da kulle ya zo, 'yan acaba ne farkon waɗanda suka ji jiki, babura suka jingine a soraye. Dawar nan ita ta ciyar da gidanmu, ta ciyar da gidan ƙanwata da mijinta direba ya maƙale a kudu, har ta tsallaka maƙwabta.

A nan kuma muka gane cewa hatsi kaɗai ba abinci ba ne. Akwai niƙa, akwai gishiri, da mai, da itace, da ruwa. Ranar da injin niƙa bai buɗe ba, turmi da taɓarya suka dawo bakin aiki, 'yan matan da ba su taɓa surfe da daka ba suka koya da bororo a hannu. Gidajen da matansu suka saba shanya kuɓewa da tumatir da barkono da rani, suna ajiye kuka da daddawa, ba su rasa miya ba. Waɗanda suka saba komai sai an aiki yaro bakin titi da naira ɗari su ne suka wuni da tukunya a kife. Mai albashi irina ma bai tsira ba, domin kuɗi a banki ba ya zama tuwo idan hanyar banki da ta kasuwa a rufe suke.

Kasuwar cikin gida

Masu tsara doka sun yi tunanin kasuwa ita ce mai rumfuna da ƙofa, a sa kwaɗo a rufe. Ba su lissafa da babbar kasuwar da ke cikin gidaje ba. Matan garin nan suna soya awara da ƙosai, suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da fura, da ɗanwake, da kitso, da ɗinkin hula. Yara ne ke fita da kayan, makarantu da tasha da bakin kasuwa su ne masu saye. Da waɗannan suka rufe, jarin mata ya narke a tukunyar gida cikin 'yan kwanaki. Adashi ya tsaya, domin mai zubi ba ta da abin zubawa, mai jiran kwasa kuma ta riga ta ci bashi a kan kwasarta.

A bayan gidanmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata yara, da awara take riƙe da su. Irin mutanen nan ne da za su kwana da yunwa ba su buɗe baki ba. Maiɗakina ce ta lura cewa kwana biyu ba ta ga hayaƙi ya tashi ta kan katanga ba. Da la'asar ta taka turmi ta leƙa, ta ce, "Maman yara, ina wuni? Ga ɗan dambu na gwada, ki ɗanɗana ki gaya mini ko gishiri ya ji." Kwanon da ta miƙa ya isa mutum biyar buɗa-baki. Washegari kwanon ya dawo a wanke, da ɗan ƙullin daddawa a ciki. Haka aka ci gaba har Sallah, wata rana tuwo, wata rana garin kunu, kullum da wani dalili, kullum kuma kwano ba ya dawowa wofi ko da yaji ne cokali guda. Babu wadda ta ambaci sadaka a cikinsu. Ciyayya ce irin wadda aka saba tun ana zaman lafiya, sai dai kwanon wani ɓangare ya ƙara nauyi.

An yi ta maganar tallafi a rediyo. Wasu sun ce sun samu, layinmu dai ba mu gani ba. Da aka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafi a Jos da Kaduna da wasu garuruwa a watan Oktoba, aka ga buhuna jibge, mutane suka ce ashe ga inda ya kwana. Ko da an kawo ma, rabo a fili da layi da turereniya ba ya isa ga irin maƙwabciyarmu, domin mutuncinta ba zai bar ta ta shiga layin ba. Waɗanda suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba su ne mai unguwa, da liman, da uwar adashi, da mai shagon da ke riƙe da littafin bashi. Mai shagon layinmu ya ci gaba da ba da bashi ta taga har kayansa suka ƙare, ba don yana da yawa ba, sai don ya san kowa shekara da shekaru. Zakkar fidda-kai ta shekarar nan kuwa ba a kai ta nesa ba, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wa ake ji wa magana

Abin da ya fi wuya a dokokin korona ba takunkumi ba ne, ba kuma wanke hannu ba, mai alwala sau biyar a yini ba baƙon ruwa ba ne. Abin da ya fi wuya shi ne a ce kada ka je. Mu mun tashi an ce mana zumunci a ƙafa yake. A yi rasuwa a gidan amininka ka yi ta'aziyya ta waya? Dattijo ya miƙo maka hannu ka noƙe? Surukarka ta kwanta ciwo ka ce ana ba da tazara? A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne, kuma mutum ya gwammace ya ɗauki ciwo da a ce ba shi da mutunci.

Sanarwar hukuma ba ta warware wannan ba. Abin da ya sassauta zukata a unguwarmu shi ne ranar da liman ya tsaya bayan sallah ya ba da labarin Sayyidina Umar, yadda ya kama hanyar Sham ya ji an ce annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, kuma aka tabbatar masa da cewa koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce kada a shiga garin da annoba take, na ciki kuma kada su fita. Daga ranar dattawa da kansu suka fara ɗora hannu a ƙirji in an zo gaisuwa. Da babba ya fara, yaro ya huta da kunya. Zaman makoki ya ragu, aka koma yin addu'a a tsaye a watse. Tafsiri ya koma rediyo da waya, asham kuma maigida ya ja iyalinsa a tsakar gida. A nan ne magidanta da yawa suka san iya surorin da ke kansu, suka kuma san cewa wata 'yarsu ta Islamiyya ta fi su.

Masu cewa korona ƙarya ce ba duka ne jahilai ba, kuma kiransu da jahilai bai taɓa sauya ra'ayin ko ɗaya ba. Mutanen arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amma a cikin shekarar koronar nan, ranar 25 ga Agusta 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ba da bulala aka kai ga haka ba. Sarakuna da hakimai da malamai ne suka shiga gaba, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, mata 'yan unguwa suka bi gida-gida shekara da shekaru. Da allurar korona ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, waɗanda na ga sun fara miƙa hannu su ne masu neman tafiya Umara, da waɗanda wani ma'aikacin lafiya ɗan unguwarsu ya ce musu shi ma ya yi.

Akwai kuma dalilin rashin yarda da ya fi tabon 1996 kusa. A daidai lokacin da ake ce mana mu ji tsoron abin da ba a gani, abin da ake gani yana kashe mutane a maƙwabta. Ranar 18 ga Afrilu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A watan Yuni suka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe gommai. 'Yan'uwa daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari suka riƙa shigowa gari da tabarmi da tukwane, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma. Wa zai ce wa waɗannan su ba da tazara? Wani dattijo daga cikinsu ya ce mini, "Malam, wadda ke zuwa da bindiga ba a tare mana ita ba, sai wadda ba mu gani ba za a kulle mu a kanta?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Hukumar da ba ta zo ranar da aka kira ta ba, da wuya a saurare ta ranar da ita ta yi kira.

Wannan rashin yarda ya ci rayuka ta wata hanyar. Masu hawan jini da ciwon sukari da mata masu ciki suka guji asibiti don tsoron kada a ce korona ce a killace su, suka koma kemis da jiƙe-jiƙe. Wasu da aka binne a watannin nan ba korona ce ta kashe su ba, tsoronta ne.

Damina ba ta san kulle ba

Ma'aikaci zai iya ɗage aikin ofis zuwa wani wata, manomi ba zai ce wa ruwan shuka ya dakata ba. Kullen ya faɗo daidai lokacin sharar gona da kai taki da neman iri. A takarda an ce manoma da motocin abinci su wuce, a kan hanya kuwa shinge ya yi yawa, kowane shinge da abin da ake ajiyewa, kuɗin mota ya ninka, ya hau kan buhun kamfa da yuriya. Masu tumatirin rani na wajen Ɗanja sun ga kayansu na lalacewa saboda masu saye daga nesa sun ragu. Da damina ta yi nisa masara ta yi tsadar da ta gigita masu kiwon kaji a duk ƙasar, amma ribar ba ta shiga aljihun wanda ya sayar tun da kaka ba.

Wanda ya ajiye irinsa, yana da takin gargajiya a bayan gida da shanun huɗa ko aminin da zai ara masa, ya yi shuka a kan kari. Da kuɗin ƙwadago ya gagara, gayya da aka fara mantawa da ita ta dawo a wasu unguwanni, yau gonar wane, gobe ta wane, a dama kunu ko fura a kai. Ɗalibai da ke zaune a gida suka cika gonaki, har wani abokina ya ce bai taɓa gama noman farko da wuri kamar na shekarar ba.

Yara

Asarar da ba a ƙirga ba ita ce ta karatu. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga wata, sauran kuwa sai wajen Oktoba. An sa darussa a rediyo da talabijin, masu hali suka yi ta waya, amma yaron da ya wuni a gona ko talla ba shi da lokacin zama gaban rediyo. Gwamnonin arewa kuma suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, yara suka dawo ƙauyukan da babu makarantar da ke jiransu. Da muka koma aji, na tarar da kujerun wasu 'yan mata wofi, an ɗaura musu aure. Wasu samarin sun ɗanɗana kuɗin acaba da na dako, aji ya fita daga ransu. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga daren 11 ga Disamba, aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. An sako 344 bayan kwana shida, amma makarantu sun sake rufewa, iyaye da yawa kuma suka yanke ƙauna da makarantar kwana.

Yaran da suka dawo da karatunsu a hannu ba lallai 'ya'yan masu kuɗi ba ne. 'Ya'yan gidajen da tun asali akwai mai tambaya ne, uwa ko yaya ko kawu da zai ce kawo littafinka in gani. Na san wata uwa da ba ta yi boko ba, amma kullum bayan azahar sai ta zaunar da babbar 'yarta ta koya wa ƙannenta, ita tana gefe tana tsince wake tana sa ido. 'Ya'yanta ne suka ja ajinsu da aka dawo.

Abin da ya rage

Bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofar masallatai da shaguna ba su shekara ba suka koma na jiƙa wanki. Da daminar 2021 amai da gudawa ya ɓarke a jihohin arewa, Funtuwa na cikin wuraren da ya taɓa sosai, kuma rigakafinsa na farko shi ne ruwa mai tsabta da sabulun da muka ajiye. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, iyayenmu sun ga agana, mu mun ga sanƙarau da korona. Wata za ta zo, ko da wane suna.

Ga masu mulki, in ta zo, kafin a rufe gari a fara zama da mai unguwa da liman da shugabar mata, a tambaye su gidaje nawa ne ba za su kai kwana uku ba, a kai musu abinci kafin doka, ba bayanta ba. A kuma sani cewa yardar da za a nema ranar annoba, ranar da aka kira a kan 'yan bindiga ko rijiyar da ta lalace ake sayenta.

Ga mu magidanta kuwa aikin na kaka ne da rani, lokacin da babu abin da ya dame mu. A ware na ci kafin a kira dillali. A bar wa mata jarinsu, a daina cinye shi da sunan aro. A biya mai shago bashinsa don ya iya bayarwa gobe. A san sunan maƙwabci da yawan 'ya'yansa, a shirya da wanda ake gaba da shi a kan makwararar ruwa ko iyakar gona. A duba littafin yaro ko da ba a iya karanta shi ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar kasafin kuɗi ko izinin gwamna, kuma babu ɗaya da za a iya farawa ranar da aka ce kowa ya shiga gida.